Tubali, Jan Bulo ko Bulon Matsi: Da Wanne Za Ka Yi Gini?

Mutane da yawa in za su yi gini ba sa ma sa ƙasa a lissafi, gani suke kayan talaka ce. Kai tsaye sai bulon siminti da kwano. Alhali bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana, sai dare ya yi yake sakinsa, shi ya sa ɗakin ke da sanyi da tsakar rana.

Tubalin da rana ta busar shi ya fi araha, kuma yana da ƙarfi fiye da yadda ake zato. A Shibam ta ƙasar Yaman akwai gidajen ƙasa masu hawa biyar zuwa sama. Sai dai ba ya shiri da ruwa. Babban Masallacin Jenne a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, duk shekara sai an yi masa yaɓe. In ba za ka iya da wannan hidima ba, kada ka fara.

Jan bulo yumɓu ne da aka gasa a zafin da ya kai kusan digiri 1,000, don haka ruwan sama ba ya narkar da shi, ba ya kuma bukatar fenti. Matsalar, ba kowanne ne ya gasu ba. Ɗauki biyu ka gwara su: mai kyau yana ƙara ƙwal-ƙwal, wanda bai gasu ba muryarsa a dishe take. Ka kuma jiƙa ɗaya ya kwana a ruwa. In nauyinsa ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin 100, bar shi.

Ni dai bulon matsi nake ba mutane shawara. Ƙasa ce ake haɗawa da ɗan siminti, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a matse da inji, ba a ƙona itace ko ɗaya. Da irinsa masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001, ya ɗaga rufin kwanon sama don iska ta riƙa ratsawa. Amma a gwada ƙasar tukuna, domin in yumɓu ya yi mata yawa bulon zai tsattsage. Kuma a ɗaga harsashi, a tsawaita bakin rufi don kada ruwa ya riƙa dukan bango.

Batun rufi kuwa, tayal ɗin gasasshen yumɓu ba ya tsatsa, ba ya hana barci in ana ruwa. Nauyinsa ne abin dubawa: ya fi kwano nesa ba kusa ba, saboda haka ka tambayi kafinta kuɗin katakon da zai ɗauke shi kafin ka saya.