Gwajin jini na CA 19-9: abin da na gani cikin wata takwas na jinyar yayana

Sau biyar na raka yayana wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a Kano domin a ɗibi jininsa a auna CA 19-9, wata alama da ke ƙaruwa a jinin masu wasu nau'o'in ciwon daji, tun bayan da likitoci suka tabbatar yana da ciwon daji na fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi mai samar da insulin. Ma'aikatan wurin suna da tsabta da haƙuri, ba a daɗewa a layi, kuma ba a buƙatar jini mai yawa. Kuɗin dai ba kaɗan ba ne ga mai jinyar da za a riƙa maimaita masa gwajin, sakamakon kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya fito.

Inda suka gaza shi ne bayani. Ranar farko aka miƙo mana takarda ɗauke da lamba mai girma, a gefenta an rubuta cewa ƙa'idar mai lafiya ƙasa da 37 ce, ba tare da an ce mana uffan ba. Yaya ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai ci abinci ba a daren nan. Sai da muka ga likitansa muka ji cewa shawarar da ta mayar da idanunsa rawaya, saboda toshewar hanyar matsarmama, ita kaɗai tana iya ɗaga lambar. Bayan an buɗe hanyar da ɗan bututu, lambar ta sauko sosai.

Abin da ake aunawa wani nau'in sukari ne da ke lulluɓe da bayan ƙwayoyin ciwon dajin, wanda Hilary Koprowski da abokan aikinsa suka gano a Cibiyar Wistar ta Amurka a 1979. Wannan sukari yana manne wa wani furotin mai suna selektin da ke jikin bangon jijiyoyin jini, ta haka ƙwayar cutar da jini ya ɗauko take samun madafa, ta tsaya, ta kutsa cikin wata gaɓa kamar hanta. A jikin wannan sukari kuma akwai siyalik asid, sukarin da ƙwayoyin daji suke yawaita shi, wanda idan ya taɓa wasu masu karɓar saƙo da ake kira Siglek a jikin ƙwayoyin garkuwar jiki, sai ya sa su sassauta farmaki kamar sun gamu da ɗan gida. Carolyn Bertozzi ta Jami'ar Stanford, wadda ta samu kyautar Nobel a 2022, ta yi aiki a kan hanyar aske wannan lulluɓi domin garkuwa ta ga abokin gaba.

Dole in faɗi wani abu da ya dame ni. Da dangi suka ji kalmar sukari, sai suka hana yaya zuma da dabino da koko mai zaƙi, alhali yana ta ramewa. Ƙwayar cutar ce ke ƙera wannan sukari da kanta, kuma hana majinyaci abinci ba ya cire shi.

Gwajin ya yi mana amfani wajen bin diddigin magani, domin saukar lambar bayan zagayen allurai ya yi daidai da abin da hoton ciki ya nuna. Amma ban yarda da yadda wurin yake tallata shi cikin jerin gwajin duba lafiyar masu lafiya ba. Kumburin fankiriyas da ciwon hanta suna ɗaga shi, sannan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na Turawa jikinsu ba ya iya ƙera wannan sukari ko da suna da cutar, adadin kuma ya fi haka a tsakanin baƙar fata. Irin waɗannan za su ga lamba ƙasa su saki jiki.

Zan ci gaba da kai yaya wurin, saboda likita ya ce a tsaya a ɗakin gwaji ɗaya don na'urori sun bambanta, amma yanzu ba ma buɗe takardar sai a gaban likita.