Gargaɗi ga mutanen Tawa da Yamai kan masu sayar da diflomar ilimin abinci

Jaka 275 wasu mutane suka karɓa daga hannuna, da sunan za su koya mini ilimin abinci mai gina jiki wanda suka ce yana duba mutum gaba ɗayansa, cinsa da barcinsa da tunaninsa, sannan su ba ni diflomar wata makaranta da ke Kanada. A kashi uku na biya: jaka 35 na rajista, jaka 150 na karatu, sai jaka 90 na abin da suka kira kuɗin hatimi da aiko takarda. Yau ofishinsu na Yamai a kulle yake, lambobinsu ba sa shiga, kuma cikin dare ɗaya aka fitar da mu duka daga zauren WhatsApp.

Masu cewa kwaɗayi ne ya kai ni, ina roƙonsu su saurara. Na daɗe ina aikin sa-kai a likitar unguwarmu nan Tawa, ina auna damtsen yara, na kuma san cewa idan igiyar awo ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, yaro ya shiga tamowa mai tsanani. Aikin na iya shi, takarda ce kawai ba ni da ita, kuma duk ƙungiyar da ta buɗe ɗaukar ma'aikata takarda take fara tambaya. Ko dala ɗaya ban tura ba sai da na hau mota na yi tafiyar sama da kilomita 500 zuwa Yamai domin in gani da idona. Na ga ofis, na ga sikeli, na ga takardu a jikin bango masu hatimi ruwan zinariya.

Matar da ta tarbe ni farar rigar likita ce a jikinta. Da aka kira la'asar ita ta shimfiɗa mini darduma, bayan mun sallame ta riƙe hannuna ta ce: "Ƙanwata, kada ki biya yau. Ki koma gida ki yi shawara da maigidanki, ki yi istihara, karatu ba ya guduwa." Wannan magana ce take hana ni barci. Kada ki biya yau! Wane macuci ne kuɗi zai zo har gabansa ya ce a koma da su? Da kuɗin a jakata na koma Tawa, ina ce wa maigida na sami mutanen kirki, shi kuwa ya sayar da ragon da muke kiwo ya cika mini jaka 150.

Jaka 90 ɗin ƙarshe sun fi yi mini ciwo, amma kafin su akwai batun darasi. Karatun duka saƙonnin murya ne da wasu takardun Faransanci da ake turowa a waya. A wani darasi aka ce yaro mai tamowa za a iya daina ba shi Plumpy'Nut, wato abincin magani na gyaɗa da ake ba masu tamowa, a koma garin zogale da zuma. Nan take na rubuta a zauren cewa wannan ganganci ne, zogale abinci ne mai amfani amma ba ya maye gurbin magani, kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma. Sai Hajiyar nan da ta tarbe ni a Yamai ta kira ni a keɓe ta ce: "Ƙanwata, ke ce ɗalibar da nake alfahari da ita, za mu gyara." A wannan kiran ne ta kawo maganar hatimi. A'a, tun ranar rajista ta taɓa ambatonsa, sai dai a lokacin cewa ta yi kyauta ne.

Wani ɗan uwan maigida da ke koyarwa a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa ne ya dubi hoton diflomar, ya tambaye ni lambar izinin da gwamnati ta ba makarantar. Na tambaye su, suka ce tana hanya. Shi ya bayyana mini cewa a Faransa doka ta kare sunan "diététicien", wato ƙwararren masanin abinci, ga wanda ya yi karatun da gwamnati ta amince da shi, a Amurka kuwa tun 2024 sai mai digiri na biyu ke iya zama jarrabawar ƙwararren masanin abinci mai rajista, alhali takardun wannan fanni da suka tallata mana makarantu masu zaman kansu ne ke buga abinsu. Ko da diflomar ta iso, ba za ta ba ni aiki a likita ba. Ita ma ba ta iso ba, ga jaka 275 sun tafi.

Mai son wannan karatu ya nemi lambar izini, ya kai ta ma'aikatar da ta bayar a tabbatar masa, ko ya je ya tambaya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Kada ya tura kuɗi da sunan mutum.

Rasit uku na kamfanin aika kuɗi suna hannuna, da saƙonnin muryarta, har da wanda take kirana ƙanwarta tana neman jaka 90. Na kai ƙara wurin ƴan sanda, kuma da zarar sun ba ni dama zan sa hotunan duka a nan. Sauran ɗaliban da muke zaure ɗaya, musamman matan Konni da Madawa, kowa ya adana rasit ɗinsa ya neme ni.