Amsa-kuwwar ɗaki da amsa-kuwwar layi: wacce ce ke damun wayar gidanka?

Wani malami daga cikin 'yan wannan zaure, mazaunin Samaru, ya kawo tambaya kan wayar gidansa mai aiki da intanet. Tsohuwar wayar tebur ce aka haɗa da ƙaramar adafta, ita kuma adaftar aka jona da rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Ya ce duk lokacin da ya kira ɗansa da ke karatu a ƙasar waje, ɗan yakan ji muryarsa tana dawo masa bayan ya yi magana, shi kuwa Malam ba ya jin komai. Yana son ya san ko kamfanin intanet zai canza, ko kuwa sabuwar waya zai saya.

Malam, kafin ka kashe ko kwabo, ka riƙe wannan: wanda yake jin muryarsa tana dawowa, yawanci ba a wurinsa matsalar take ba. Muryar ɗanka ta taso daga can, ta iso gidanka a Samaru, wani abu a nan ya mayar da ita. Saboda haka a falonka za a fara bincike, kuma abin da ke mayar da murya iri biyu ne.

Na farko shi ne amsa-kuwwar ɗaki. Sauti yana fita daga sifika, ya bugi bango ko tebur, ya koma cikin makirfo, waya ta aika shi kamar maganarka ce. Na biyu shi ne amsa-kuwwar layi, wadda ba ruwanta da ɗaki ko iska. Tsohuwar wayar tebur tana ɗaukar muryar da ke shiga da wadda ke fita a kan siraran wayoyi guda biyu kacal, alhali adafta tana raba hanyar shiga da ta fita. A mahaɗar da ake wannan rabo, idan ma'aunin lantarkin wayar bai dace da na adaftar ba, wani kaso na muryar mai kira yakan juya ya koma inda ya fito.

Kunne ma yakan iya bambanta su. Ta ɗaki takan zo a dusashe, tana ƙaruwa tana raguwa idan aka motsa wayar ko aka ƙara murya. Ta layi kuwa takan zo tar, kuma ba ta sauyawa ko an koma wani ɗaki. Amma gwajin da ya fi inganci shi ne ka kira ɗanka, ka ce ya yi ta ƙirga, kai kuma ka danna maɓallin rufe makirfo. Idan ya ce muryar ta daina dawowa, ta makirfo take shiga, wato ta ɗaki ce. Idan tana nan daram duk da an rufe makirfo, to, a cikin layi take juyawa.

Ni a ganina ta ɗakin ce ta fi yawa a gidajenmu, kuma dalilin a fili yake. Idan ɗa ya kira daga nesa, ba mutum ɗaya ke amsawa ba. Mahaifiya za ta gaisa, ƙanne za su taru, sai a buɗe sifika a ƙure murya domin kowa ya ji. Falon da aka shimfiɗa wa tayil, ga bangon siminti, ga teburin gilashi, babu kafet babu labule mai kauri, yana mayar da sauti sosai. Maganinta ba ya cin kuɗi: a rage ƙarar sifika, a janye wayar daga jikin bango, ko a ɗauki hannun wayar a kara a kunne ana miƙa wa juna. Wasu wayoyi masu araha ma ko ba a buɗe sifika ba, sautin yakan bi ta jikin robar hannun ya sauka cikin makirfo, kuma rage murya yakan wadatar a nan.

Ta layi ta fi buƙatar haƙuri. Ka fara da cire duk wani mahaɗi mai raba layi biyu, da duk tsohuwar igiyar waya da aka bi bango da ita zuwa wasu ɗakuna, ka jona wayar tebur kai tsaye da adafta ta gajeriyar igiya mai kyau. Idan bai yi ba, ka ari wata wayar ka gwada. Daga nan sai saitin adaftar, inda akwai abubuwa uku da za a duba. Akwai ma'aunin layi, wanda a Amurka om 600 ne (om ma'aunin turjiyar lantarki ne), ƙasashen Turai kuma suna da nasu daban, don haka wayar da aka ƙera domin wata ƙasa tana iya ƙin dacewa da saitin da adafta ta zo da shi. Akwai ƙarfin muryar shiga da ta fita, wanda ya kamata a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Sai manhajar soke amsa-kuwwa, wadda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsara ƙa'idarta mai lamba G.168, a tabbata a kunne take. Ka rubuta kowane saiti yadda ka same shi kafin ka taɓa, kuma abu ɗaya za ka canza kafin kowane gwaji.

Game da canza kamfani, intanet ba ta haifar da ko ɗaya daga cikin biyun, jinkirinta ne ke tona su. Idan murya ta dawo cikin ƙasa da milisakan 25 ko makamancin haka (milisakan dubu ne sakan ɗaya), kunne yakan haɗa ta da ainihin maganar, ba ya jin ta daban. Wayar intanet kuwa tana yanka murya gunduwa-gunduwa, galibi milisakan 20 kowane, sannan ta ɗan tara su kafin ta saki, ga kuma nisan tafiya zuwa wata nahiya. ITU ta ba da shawara a ƙa'idar G.114 cewa jinkirin zuwa kaɗai kada ya wuce milisakan 150. Shi ya sa matsalar waya ɗaya takan yi sauƙi idan an kira Sabon Gari ko Tudun Wada, amma ta fi damun wanda ke ƙetare. Jona adafta da rawuta ta igiya, da dakatar da sauke bidiyo yayin kira, da kunna saitin da ke fifita murya idan rawutar tana da shi, duk suna rage jinkirin, sai dai ba su cire tushen.

Shawarata, Malam, ka yi gwajin rufe makirfo a kiranku na gaba. Sabuwar waya ba ta zama dole sai an gwada wata an ga matsalar ta gushe. Idan kuma wata rana kai ne ka ji muryarka tana dawowa, ɗanka za ka ce ya kashe sifikarsa ya sa iyafis.