Takardun Alƙali John Marshall a Rotunda: Me Mai Biyan Kuɗi Zai Samu?

Rotunda sashe ne na maɗaba'ar Jami'ar Virginia da ke Amurka, kuma aikinsa shi ne sanya tsofaffin takardun tarihi a intanet bayan masana sun tantance su. Daga cikin abin da yake sayarwa akwai takardun John Marshall, lauyan birnin Richmond wanda ya riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Amurka daga 1801 har zuwa rasuwarsa a 1835. Asalin aikin juzu'i 12 ne da aka buga tsakanin 1974 da 2006, yawancinsu a ƙarƙashin jagorancin Charles Hobson, sai aka haɗe su wuri ɗaya ta yadda mai bincike zai iya neman suna ko kalma, ko kuwa ya bi takardun bisa jerin kwanan wata. Wannan hanya ta biyu ce, a ganina, ta sa kuɗin da ake biya ba su tafi a banza ba.

Dalili kuwa shi ne, ɗalibin shari'a ya saba saduwa da Marshall a cikin hukunce-hukuncensa kaɗai, musamman shari'ar Marbury da Madison ta 1803, wadda ta kafa ikon kotu na soke dokar da ta saɓa wa tsarin mulki, ita ce kuma ake yawan ambata a azuzuwan shari'a na Najeriya, ƙasar da ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979. Amma wanda ya bi jerin kwanan wata zai tarar da cewa a farkon Janairun wannan shekarar, makonni kaɗan kafin hukuncin, mutumin yana garin Raleigh wajen rangadin shari'a, yana rubuta wa matarsa Polly cewa dalar azurfa 15 sun huda aljihun falmaransa sun zube a hanya, cewa Peter mai yi masa hidima ya manta bai sa masa wandon canji a cikin kaya ba, kuma telolin garin duk aiki ya yi musu yawa, babu wanda ya karɓi ɗinkinsa. A wancan zamani alƙalan Kotun Ƙoli ba sa zama a Washington sai na ɗan lokaci a shekara, sauran watannin kowannensu yana zagaya yankinsa yana sauraron ƙararraki, shi kuwa Marshall tsakanin Richmond da Raleigh yake kai-komo. Wasiƙa irin wannan tana nuna wa mai karatu yadda aikin alƙalanci yake a lokacin fiye da duk wani dogon bayani.

Wasiƙun gida su ne suka fi daɗin karatu. Marshall ya auri Mary Ambler, wadda ake kira Polly, a 1783, suka haifi 'ya'ya 10, shida ne kawai suka girma, ita kuma rashin lafiya ya tsare ta a gida shekara da shekaru, ba ta iya jure hayaniya. Saboda haka duk inda ya je sai ya riƙa ba ta labarin wanda ya gani da liyafar da ya halarta, yana kuma ƙorafin jinkirin amsa daga gida. A Fabrairun 1824, yana kwance bayan santsin ƙanƙara ya kayar da shi ya ji rauni a kafaɗa, sai ya cika takarda da tuna mata yadda suka fara haɗuwa a Yorktown lokacin yaƙin neman 'yanci. A shekarar ce kuma ya yanke hukuncin Gibbons da Ogden kan ikon gwamnatin tarayya a harkar kasuwanci tsakanin jihohi. Polly ta rasu ranar Kirsimeti ta 1831, watanni biyu bayan likita Philip Syng Physick ya yi wa mijinta tiyatar cire duwatsun mafitsara a Philadelphia, a zamanin da ba a fara amfani da maganin sa barci ba.

Ta fuskar aiki, mafi amfani su ne wasiƙunsa ga abokan zamansa a kotu, wato Joseph Story da Bushrod Washington. Bayan hukuncin McCulloch da Maryland na 1819, wanda ya hana jiha ɗora haraji kan bankin tarayya, 'yan siyasar Virginia irin su alƙali Spencer Roane sun yi masa ca a jaridu da sunayen aro, shi ma ya mayar musu da martani da sunan aro, kuma wasiƙunsa ga Bushrod Washington ne suka nuna yadda yake aika maƙalun a ɓoye da yadda ransa ya ɓaci da mai buga jarida a Philadelphia ya cakuɗa masa sassan rubutun. Haka nan ana ganin yadda ya damu da alƙalan kotun su sauka a gida ɗaya a Washington, domin ya fahimci cewa cin abinci tare da tattauna shari'a da yamma su ne ke sa kotun ta yi magana da murya ɗaya. A 1832, da jihar South Carolina ta yi iƙirarin cewa tana da ikon ƙin bin dokar tarayya, ya rubuta wa Story cewa, duk da ba ya son yarda, ya fara ganin tsarin mulkin ba zai ɗore ba. Akwai kuma littafin tunawa da ya ajiye a Faris lokacin da aka tura shi Faransa jakadanci a 1797, inda wakilan Talleyrand, ministan harkokin wajen Faransa, suka nemi cin hanci kafin a zauna tattaunawa, sai juzu'i na biyar da aka keɓe wa ƙararrakin da ya tsaya a matsayin lauya.

Bayanan da editocin suka sa a ƙarƙashin kowace takarda suna da inganci, suna gaya wa mai karatu wane ne wane da inda ainihin takardar take, ba tare da cika baki ba. Sai dai abin da ake gani rubutun da aka kwafo ne, ba hoton rubutun hannun ba, don haka mai son ganin inda alƙalin ya goge ya sake dole ya dogara da abin da editan ya faɗa.

Babban giɓin da ke cikin tarin ba laifin Rotunda ba ne. Marshall bai damu da adana takardunsa ba, shi ya sa abin da ya rubuta wa mutane ya fi abin da suka rubuto masa yawa nesa ba kusa ba, har muryar Polly kusan ba a jin ta sai ta bakinsa. Shirun da ya fi wannan nauyi shi ne na bayi. Littafin lissafin kuɗinsa na shekarun farko, wanda ke cikin juzu'i biyu na farko, yana ɗauke da kuɗin sayen mutane a jere da kuɗin cefane, masu bincike na baya-bayan nan kuma sun nuna cewa bayin da ya mallaka sun haura 150. A shari'ar jirgin Antelope ta 1825 ya ce cinikin bayi ya saɓa wa ɗabi'a amma dokar ƙasa da ƙasa ba ta haramta shi ba, ya kuma shugabanci reshen Richmond na ƙungiyar da ke mayar da 'yantattun bayi Laberiya. A wasiyyarsa ya ba dattijon baransa Robin Spurlock zaɓin 'yanci tare da dala 100 idan zai tafi Laberiya, ko ya zauna a hannun ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Duk wannan yana nan a cikin tarin, editocin ba su ɓoye ba, amma a warwatse yake, kuma wanda bai nemi sunayen bayin ɗaya bayan ɗaya ba zai iya gama karatu bai lura da su ba.

Batun kuɗi shi ne abin da zai fi tsaya wa mai karatu a rai, domin ba kyauta ake shiga ba, kuma hanyar da aka fi bi ita ce ɗakin karatun jami'a ya saya wa malamai da ɗalibansa. Tsangayar shari'a ko sashen tarihi da ke koyar da tsarin mulkin Amurka ya dace su sa shi cikin abin da za su nema, haka ma mai rubuta kundin digiri na uku kan tarihin kotuna. Wanda kuwa sha'awa ce kawai ta kawo shi, gara ya fara da shafin Founders Online na hukumar adana takardun tarihi ta Amurka, wanda aka buɗe a 2013 kuma kyauta ne. A can zai ga wasiƙun da Marshall ya yi musaya da George Washington da John Adams da Thomas Jefferson da James Madison, amma ba zai sami na Polly ko na Story ba.