Turbo da kuɗi kaɗan: abin da mai mota a Jos ya kamata ya auna kafin ya saya

Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta kuma ba ta da kauri kamar ta Legas. Injin da ba shi da turbo yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300, shi ya sa mota ke nishi a Hawan Kibo. Turbo na amfani da hayaƙin salansa ya juya fanka, fankar ta juya wata da ke cusa wa inji ƙarin iska. Ƙarin iska na neman ƙarin mai, kuma a nan kuɗin yake tafiya, ba a kan turbon kansa ba.

Hanya mafi araha ita ce injin da kamfani ya ƙera da turbo tun asali. Misali 1.8T na Volkswagen da Audi, wanda ke cikin Golf 4, Passat B5 da A4. Yawancinsu na ba da ƙarfin doki 150 da ƙaramin turbo K03, kuma gyaran lissafin ƙwaƙwalwar motar (kwamfutar da ke sarrafa inji) kaɗai na iya kai shi wajen 180 ba a kwance inji ba. Fistin, nozul da hanyar baƙin mai duk an yi su don wannan aiki. Cutarsa ita ce daskarewar baƙin mai, musamman a Passat da A4: dattin ya toshe rariyar da ke tsotso mai daga kwanon ƙasa, turbo ya bushe. A sauke kwanon a wanke, a canza bel ɗin taimin da famfon ruwa kafin a ɗora. A sayi injin Beljiyam da wayarinsa da ƙwaƙwalwarsa tare. Wanda ya sayi inji tsirara zai sha yawo tsakanin kasuwannin kayan mota na Apo da Zuba a Abuja neman soket.

Hanya ta biyu, ɗora turbo a kan injin da ke motarka, ta fi daɗin ji amma ta fi cin kuɗi. Injin K24 na Honda Accord 2003 zuwa 2007 na jurewa idan ba a zarce ba. Injin 2AZ-FE na Camry 2.4 kuwa a yi hattara: wasu na farko ramin kusoshin kan silinda na zubewa a cikin bulok ɗin alminiyam, na baya kuma wasu na shan baƙin mai. Kafin komai a gwada matsin kowace silinda. Idan bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100, a fara gyara inji.

Da fistin na asali, kada matsin turbo ya haura 0.5 a ma'aunin bar, wato kamar 7 a ma'aunin psi. Za a buƙaci manifol (bututun da ke kai hayaƙi daga inji zuwa turbo), bawul mai sakin hayaƙi idan matsi ya kai, lagireton sanyaya iska, manyan nozul, famfon mai irin Walbro 255, fulogi mai sanyi mataki ɗaya da tazarar milimita 0.7, da ƙwaƙwalwar da za a iya saitawa. Wannan ta ƙarshen ce ake yawan tsallakewa, ita ce kuma ke kashe inji. Idan mai ya yi kaɗan a cikin iska, wuta kan tashi kafin lokacinta, a ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, gefen fistin ya fashe. A ƙarƙashin matsi ana son iska kashi 11.5 zuwa 12 ga mai kashi 1, kuma sai da na'urar auna hayaƙi ake sanin haka, ba da kunne ba. Fetur ɗin gidajen manmu ba shi da tabbas, don haka a ja taimin wutar fulogi baya kaɗan.

Abin da kanikawa da yawa ke mantawa: motar da aka saita a sanyin Jos, idan ta gangara Abuja za ta shaƙi iska mai kauri da zafi. A bar mata rara wajen saitin, kada a kai ta maƙura.

Tsakanin sabon turbo maras suna na kasuwa da tsohon Garrett, IHI ko BorgWarner da aka ciro daga mota, tsohon ya fi, muddin an duba. A kama sandar fankar: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi in ba ta goga bango, amma motsi ciki da waje alamar ta mutu ne. Fukafukan kada su kasance da ɓalli, bakin hayaƙin kada ya jiƙe da mai. Bututun da ke mayar da baƙin mai ya gangara kai tsaye, ya shiga kwano sama da matakin mai. In ya lanƙwashe, mai zai taru, mota ta riƙa farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi.

Mai giyar otomatik da ta tsufa ya haƙura da hanya ta biyu. Mai giyar hannu ya ware kuɗin kulochi mai ƙarfi, da sabon birki da tayoyi, tun kafin ya biya kuɗin turbo.