Nonon da aka tatsa a tafiyar jirgi: a dawo da shi da sanyinsa ko a daskare?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya yaron. Kin ce wata 5 gare shi, nono zalla yake sha, aiki zai kai ki wata ƙasa na kwana 6, shi kuma zai zauna a gida da abin da kika tara masa a firiza. Tambayarki a kan wanda za ki riƙa tatsa a can ne: ki ajiye shi a firij ki dawo da shi da sanyinsa, ko ki daskarar da shi ya zama ƙanƙara? Kin kuma tambayi wace na'urar tatsa ta fi, ta hannu ko ta lantarki.

Lissafi biyu ne ke raba wannan gardama. Na farko, kwana nawa nonon zai yi kafin ya isa gida. Na biyu, awa nawa ne tsakanin fitowarsa daga firijin otal da shigarsa firijin gidanki. Kada ki duba awannin da ke jikin tikiti kawai. Ki haɗa da hanyar zuwa filin jirgi, da zaman jira, da canjin jirgi idan akwai, da tsayuwar jiran kaya, sannan ki ƙara wasu awanni saboda jinkiri. Jirgin awa 7 kan zama tafiyar awa 15 ga nonon da ke cikin kula.

Ki kuma san yawan abin da za ki ɗauko. Yaro mai shan nono zalla a wannan watannin yakan sha kusan mililita 750 a rana. Idan kina tatsa daidai da shansa, a kwana 6 za ki tara fiye da lita 4. Kaya ne sosai, ga kuma nauyin ƙanƙara, don haka ki zaɓi kular da wannan a ranki.

Mu fara da mai sanyi. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce sabon nono yana iya zama awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firij mai digiri 4, sannan awa 24 a cikin kula mai fakitin ƙanƙara. Hukumar lafiya ta NHS a Birtaniya ta fi sassauci, ta ba da har kwana 8 idan an tabbatar firij ɗin bai haura digiri 4 ba, amma kwana 3 kacal idan ba a tabbatar ba. Ni dai na fi natsuwa da kwana 4 a halin tafiya, domin ƙaramin firij ɗin ɗakin otal don sanyaya abin sha aka yi shi. Da yawansu ba sa kaiwa digiri 4, wasu ma sukan mutu da zarar kin zare katin ɗaki kin fita. Ɗan ƙaramin ma'aunin sanyi na firij ba ya cin wuri a jaka, kuma shi zai faɗa miki gaskiyar firij ɗin tun daren farko. Ki tura kwalaben can ciki, kada ki jera su a jikin ƙofa.

Abin da nake so da mai sanyi shi ne bai rufe miki kowace hanya ba. Idan kin iso gida, kina iya bai wa yaro nan take, kina iya zuba shi a firiza ya yi watanni. Ya kuma fi riƙe rayayyun ƙwayoyin kariyar da ke cikinsa, waɗanda daskarewa ke rage wasu daga ciki. Idan jirgi ya yi jinkiri, ceto shi ba wuya: ki roƙi ƙanƙara a wurin masu sayar da abin sha a filin jirgi ko wurin ma'aikatan jirgi, ki ɗure a ledar da ke rufuwa, ki cusa tsakanin kwalabe. Rauninsa ɗaya ne, kwanakinsa na tafiya tun daga lokacin da aka tatsa. A tafiyarki, na ranar farko zai kai kwana 5 kafin ki sauka, na rana ta biyu kuma yana bakin iyaka.

Daskararre shi ke tsayar da wannan ƙidayar. A firiza mai digiri 18 ƙasa da sifiri, yana yin wata 6 da kyaunsa, har wata 12 ma ana iya shan sa. Kuma idan aka cika kula da shi dam, ledojin kan riƙe wa juna sanyi. Amma sharaɗinsa mai tsauri ne. Idan ya narke gaba ɗaya, ba a mayar da shi firiza, sai a sha shi cikin awa 24. Ki kwatanta: lita 4 ta narke a hanya, yaro kuwa bai shan lita 1 a rana. Sauran duk asara ce. Shi ya sa nake cewa daskararre ya fi daɗewa, amma idan ya ɓaci ɓacinsa ya fi yawa.

Sannan yana buƙatar firiza ta gaske, wadda ɗakin otal ba kasafai yake da ita ba. Tun kafin ki kama ɗaki ki tambaye su ko za su ajiye miki a firizar kicin ɗinsu, ki tabbatar sun fahimci firiza kike nufi, ba firij ba. Ki zuba mililita 60 zuwa 120 a kowace ledar ajiyar nono, ki matse iska, ki bar ɗan fili a sama don nono yana kumbura idan ya daskare, ki rubuta kwanan wata, ki kwantar da ledar ta daskare a shimfiɗe. Shimfiɗaɗɗu sun fi jeruwa a kula ba tare da barin gurbi ba. Ki haɗa su duka a babbar leda ko roba mai murfi, da sunanki da lambar ɗakinki a jiki. Akwai wani ƙaramin abu da ke kawo tashin hankali: idan jirginki na asuba ne, mai yiwuwa kicin yana kulle a lokacin da za ki fita, mai makullin kuma bai zo ba. Ki daidaita da su tun da yamma wa zai miƙo miki kayan. Fakitin ƙanƙararki ma a can za su kwana, domin ko mai sanyi kika zaɓa sai sun daskare sosai.

A wurin binciken filin jirgi kuma kowace ƙasa da dokarta, kuma ba ki faɗi ta inda za ki bi ba. Dokar da aka sani a yawancin filayen jirgi ita ce ba a shiga jirgi da abu mai ruwa fiye da mililita 100 a mazubi ɗaya. A Amurka, hukumar TSA mai binciken fasinjoji a filayen jirgi ta cire nonon uwa daga wannan doka. Kina iya wucewa da shi fiye da haka, da sanyinsa ko a daskare, ko da yaron ba ya tare da ke, kuma an yarda da fakitin ƙanƙara. Abin da ake so shi ne ki sanar da jami'in tun farko, ki fitar da shi daga jaka a duba shi daban. Wanda ya daskare sarai ya fi saurin wucewa, wanda ya fara narkewa kuwa sai an ƙara bincike. Hukumar ta kuma fi son kwalba mai haske a kan leda, saboda na'urarsu ta gwada ruwa ta fi iya karanta kwalba. A Birtaniya abin ya juya. An yarda da nono mai ruwa a jakar hannu ko ba yaro, kowane mazubi kada ya wuce mililita 2,000, amma ba a yarda da daskararre a jakar hannu ba, sai a kayan da ake aunawa. A wasu ƙasashen kuma sassaucin ya ta'allaƙa ne da kasancewar yaro tare da uwa. Saboda haka ki karanta dokar filin da za ki tashi da na inda za ki canza jirgi, tunda sau da yawa ana sake bincike a can, ki adana shafin dokar a wayarki don nuna wa jami'in da bai saba da ita ba. Na'urar hasken bincike ba a san ta da cutar da nono ba. Idan duk da haka ba kya so, a Amurka kina da damar cewa a duba ta wata hanya, sai dai ki tanadi ƙarin lokaci.

Mai sanyi wurinsa jakar hannu, inda idonki ke kansa. Daskararre yana jure shiga kayan awo idan kular mai kauri ce, an cike gurabenta da tsumma ko takarda, an naɗe murfin da salatef. Haɗarin a nan shi ne jaka ta yi zaman rana a filin jirgi ko ta ɓata ta kwana a wani gari. Idan tafiyar za ta haura awa 24, sai busasshiyar ƙanƙara, wato iskar kabon da aka daskarar, mai sanyin kusan digiri 78 ƙasa da sifiri. Dokar jiragen sama ta ba kowane fasinja kilo 2.5, da izinin kamfanin jirgin, a mazubin da iska ke iya fita, da rubutu a jiki. Ba a taɓa ta da hannu tsirara, kuma kada ta manne da ledojin don tana sa su fashe. Daskararre kaɗai take yi wa amfani.

To, in da ni ce a tafiyar kwana 6, zan raba. Na kwana 3 na farko su daskare, na kwana 3 na ƙarshe su zauna a firij. Amma kada su haɗu a kula ɗaya, domin mai sanyi zai narkar da daskararren. Tafiyar da ba ta wuce kwana 3 ba kuwa ba ta buƙatar firiza sam, mai sanyi ya isa. Idan kuma otal ɗin ba shi da firiza, ki haƙura da na kwana 2 na farko. Na san zubar da nonon da aka sha wahalar tatsa yana da ciwo ƙwarai. Sai dai tatsar ba ta tafi a banza ba, ita ce ke gaya wa jikinki ya ci gaba da kawo ruwa, kuma wannan ya fi duk abin da ke cikin kula muhimmanci ga yaron da za ki dawo ki tarar.

Batun na'ura ba ya buƙatar dogon bayani. Ta lantarki mai baki biyu ita za ta ɗauki nauyin kwana 6, tana gama ɓangare biyu cikin minti 15 zuwa 20, kuma za ki yi ta yi duk bayan awa 3 ko makamancin haka, kamar yadda yaron ke sha. Ta hannu a irin wannan yawan za ta gajiyar da ke. Amma a cikin jirgi ta hannu ta fi daɗin sha'ani: ba caji, ba waya, ba tarkace. Don haka ki tafi da duka biyun, ki kuma koyi tatsa da hannunki kafin ki tashi, saboda ranar da wata 'yar roba za ta yage. Ki duba jikin cajar, idan an rubuta 100 zuwa 240V, za ta yi aiki a ko'ina da kan soket ɗin da ya dace. Ƙarfin wutar Amurka volt 120 ne, na yawancin ƙasashe 220 zuwa 240, kuma cajar da ba ta dace ba tana ƙonewa. Batir na ajiya da fawa-banki a jakar hannu doka ta ce a sa su. Na'urar kanta ma kada ta shiga kayan awo ko kusa.

Ki tatsa daf da shiga jirgi. A Amurka, wata doka ta 2018 ta wajabta wa manya da matsakaitan filayen jirgi su tanadi ɗakin shayarwa bayan wurin bincike, filaye da yawa a wasu ƙasashen ma suna da shi. A cikin jirgi, kujerar jikin taga da babban mayafi sun fi banɗaki tsafta da kwanciyar hankali, ƙugin injin kuma yana danne ƙarar na'ura har na kusa da ke ba lallai ya lura ba. Ki goge hannu da teburin gabanki kafin ki fara. Kada ki wanke kayan tatsa da ruwan famfon jirgi. Ki zo da saiti na biyu mai tsafta a ledarsa, wanda kika yi amfani da shi ki ɗaure a wata leda sai kin sauka ki wanke da sabulu. Sabon nonon mai ɗumi ki sa shi a kwalbarsa daban ya yi sanyi tukuna, kada ki tuttula shi kan wanda ya riga ya huce. Ma'aikatan jirgi galibi ba za su karɓi ajiya a firijinsu ba, amma ƙanƙara suna bayarwa. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, ki riƙa shan ruwa. Idan agogon can ya bambanta da na gida, ki bi tazarar awanni, ba agogon bango ba.

Abin da ya fi damuna a irin wannan tafiya shi ne tsallake tatsa saboda taro ko kunya. Nonon da ke cikin jiki ba ya lalacewa, amma idan ya cika ya daɗe yana kawo kumburi da toshewa. Idan kin ji wuri ɗaya ya yi tauri yana zafi, ga zazzaɓi ko ciwon jiki, kada ki daina tatsa, ki ɗora abu mai sanyi a wurin, kada ki murza da ƙarfi. Idan bai sassauta cikin awa 24 ba, ki ga likita a can, kada ki jira sai kin dawo.

Da kin shiga gida, kula za ki fara buɗewa. Ki latsa ledojin ɗaya bayan ɗaya. Wadda har yanzu kike jin ƙwayoyin ƙanƙara a cikinta tana iya komawa firiza. Wadda ta zama ruwa gaba ɗaya amma da sanyinta ta shiga firij a sha cikin awa 24. Mai sanyin kuma, tunda yaron zai koma kama nono kai tsaye, ki daskarar da mafi yawansa a daren, ki bar abin da za a sha washegari kawai.