Auta, ga dalilin da ya sa ban sayo maka jan alli ba

Assalamu alaikum, Auta.

Da fatan kana lafiya, da Baba da Inna da duk mutanen gida. Yaya hunturu? Mu nan kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, ga sanyi mai shiga ƙashi, amma alhamdu lillahi, ana ta fama.

Na ga hoton teburin sinukar da ka kafa a rumfar bakin kasuwa. Allah ya sa albarka, ya kawo ciniki. Kafintan ya yi ƙoƙari, kuma koren ƙyallen da ka sa ya zauna daram. Sai kuma saƙonka na murya, inda ka ce in sayo maka alli ja, ko mai ruwan hoda, irin wanda ka gani a waya, don teburinka ya fita daban da na sauran samari. Na je shagon, har na ɗauki kwalin jan na juya shi a hannuna, sannan na mayar. Kore na sayo maka, kwali biyu, dozin-dozin. Kada ranka ya ba ka cewa rowa na yi maka ko na raina zaɓinka, kuɗinsu ɗaya ne. Abin da idona ya gani ne ya hana ni.

Ka san a Shefild nake. Garin nan shi ne cibiyar sinuka a duniya, domin tun 1977 a nan ake buga gasar duniya duk shekara, a wani zauren wasan kwaikwayo mai suna Crucible, wanda ko mutum dubu ba ya ɗauka. Kuma abin da muke kira sinuka a gida, mai ƙwallaye goma sha biyar masu lamba, su pul suke ce masa. Sinukarsu ta ainihi teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, ƙafa 6 a faɗi, da jajayen ƙwallaye 15 da masu launi 6. Ƙarƙashin ƙyallen ba katako ba ne irin namu, falalen dutse ne guda biyar da aka goge aka haɗa, nauyin teburin ya haura tan guda. Ranar da na fara tsayawa a bakinsa, ramin can ƙarshe sai na gan shi kamar a wata unguwa.

A watannina na farko wani abokin aikina ya ja ni wani zauren wasa a saman bene. Da na fara sabawa, sai na sayi 'yar sandata, na haɗa da alli ja, saboda shi ya fi ɗaukar mini ido, kamar dai yadda ya ɗauki naka. Na buga kusan awa guda ban lura da komai ba. Sai dattijon da ke kula da wurin ya zo ya tsaya a gefe, ya jira na gama bugun da ke gabana, sannan ya miƙo mini koren alli, ya nuna mini teburin da yatsa. Na sunkuya na duba a ƙarƙashin fitila. Duk inda sandata ta daki farar ƙwallo, ga jan zane a kan koren ƙyalle, ɗaya bayan ɗaya, kamar an yanka kaza an bar ta ta yi shure-shure. Farar ƙwallon kanta ta yi ɗigo-ɗigon ja, haka tsakanin yatsuna, har bakin hannun rigata. Bai ɗaga mini murya ba. Ya ce dai a wurinsu kore kaɗai ake sa wa sanda, kuma in na manta nawa, akwai a kanta kyauta. Bayan na tashi na gan shi ya ɗauko buroshi yana bin zanen nan a hankali, ya daɗe a kai, kuma da na dawo bayan kwana uku akwai sauran inuwarsa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin dukiyar mutum na ɓata ba tare da na sani ba.

Daga nan na fara tambaya. Ashe abin da muke ce wa alli ɗin nan ba alli ba ne ko kaɗan, ba ɗan'uwan wanda malam ke rubutu da shi a allon firamare ba ne. Garin yashi ne mai laushi da ake kira silika, a gauraya shi da wani sinadari mai kaushi irin na jikin samfefa, a zuba rini, a matse shi ya zama ɗan dunƙule. Wani gwanin wasa Ba'amurke, William Spinks, da wani masanin haɗa sinadarai, William Hoskins, su suka yi rajistar wannan haɗi a 1897. Aikinsa guda ɗaya ne: fatar da ke bakin sanda ta kama ƙwallo, kada ta zame. In ka daki fara a tsakiya, ko babu alli za ka iya tsira. Amma in kana so ka dake ta a ƙasa ta dawo baya, ko a gefe ta murɗa, to in babu wannan kaushin sai ka ji ƙas, sanda ta suɓuce, ƙwallo ta tafi inda ta ga dama. Shi ya sa allin makaranta da na ga yara suna gogawa a teburan gida ba ya hana komai, fari kawai yake bari.

To ka ga rinin ba shi ne ke aikin ba. Akwai tsofaffin 'yan wasa a nan da za su rantse maka shuɗi ya fi kama fata, ni dai na gwada kore da shuɗi na kamfani ɗaya, hannuna bai ji bambanci ba. Inda launi ke da magana shi ne bayan bugu. Duk dukan da ka yi, garin allin yana tashi ya sauka a kan ƙyalle, wani ya maƙale a jikin fara ta yi ta yawo da shi. In launinsu ɗaya da ƙyallen, sai ya ɓace a ciki har lokacin shara. In ja ne a kan kore, ko shuɗi a kan jan ƙyalle, kowane bugu sai ya bar shaida. Ƙa'idar ke nan a ko'ina na shiga: ka dubi ƙyalle, sannan ka zaɓi alli. Jan allin da ka gani an yi shi ne don masu jan tebur, kuma akwai su, musamman ƙananan teburan pul na gidajen mutane da wuraren shaƙatawa. Shuɗi a kan kore ana ɗaga masa ƙafa, don ba ya tsawa sosai, kuma a Amurka shi ne ruwan dare, har manyan gasanninsu na pul sau da yawa a kan shuɗin ƙyalle ake yi. Amma a teburin sinuka na Ingila, kore ne.

Wanda na sayo maka sunansa Triangle. Wani kamfani a Shikago mai suna Tweeten ke yin sa, shi ne kuma mai yin Master, shuɗin nan da ya cika Amurka. Abin ya ba ni mamaki, a ce Ingila da duk alfaharinta da sinuka, allin da ta daɗe tana gogawa daga ƙetare yake zuwa. Yanzu kuma an sami sababbi masu tsada, Taom daga Finlan da Kamui daga Japan. Guda ɗaya na Taom ya fi kwalin dozin na Triangle kuɗi nesa ba kusa ba. Ƙwararru da yawa sun koma masa saboda ba ya zubar da gari sosai, kuma yana rage wata matsala da suke kira kik. Ita ce ka daki fara daidai, ta je ta sami ɗaya ƙwallon, amma a daidai inda suka haɗu akwai ɗigon alli, sai su ɗan manne na ƙiftawar ido, ƙwallon ta kauce wa rami. Shi ya sa za ka ga a talabijin ɗan wasa ya ce wa alƙali ya goge masa fara, alƙali ya sa alama a gurbinta, ya ɗauka da farar safar hannu ya goge ya mayar. Mutumin da bugu ɗaya zai iya raba shi da kofin duniya, in ya sayi alli mai tsada ban ga laifinsa ba. Kai kuwa rumfarka mutum nawa ne za su taɓa allin nan a yini? Wani zai yar a ƙasa, wani zai jefa a aljihu ya wuce da shi gida. Kada wanda ya ruɗe ka da mai tsada, ko da ka gan shi a Sabon Gari.

Abin da na fi so ka ɗauka daga wurinsu shi ne yadda suke riƙe allin, domin wannan ba ya cin ko kwabo. Ba a goga alli a saman tebur, mutum yakan ja baya ya goga a gefe, garin ya zuba a ƙasa. Ba a kifa shi a kan katakon gefe, bakin ramin sama yake kallo, in ba haka ba sai ya bar zobe a katakon, mai sunkuyawa ya kwashe da rigarsa. Ka tuna yadda samarinmu ke zuwa da farar shadda ranar Juma'a. Mutum ɗaya ya tashi da jan tabo a cikin rigarsa, ka rasa shi ke nan, har da abokansa. Ba a kuma murza sanda a cikin allin kamar ana haƙa rijiya. Shafawa ake yi sama-sama, kamar mace na sa kwalli. Masu murzawa su ke rarake alli ya yi rami mai zurfi, ramin kuma ya riƙa cin zoben da ke wuyan sanda yana rina shi, alhali fatar ba ta samu ba. Kuma in abokin wasanka ya sunkuya zai buga, ba ka tsaya a gabansa kana goge-goge. Wannan na ƙarshen ko a gida mun san rashin ladabi ne, sai dai ba ma faɗa.

Sai maganar hoda. Na gani a hoton, ga robar hoda a kusurwar teburinka. Na san dalili, zafi da gumi suna sa sanda ta riƙa kama hannu. Amma hodar nan ta fi kowane alli ɓata ƙyalle, tana shiga cikin saƙar ta haɗu da gumi ta zama dauɗa, ƙwallo ta rage gudu. Wurare da yawa a nan ba sa yarda da ita sam. Ɗan tawul suke ajiyewa su goge sanda da hannu, wasu kuma su sa safar hannu mai yatsa uku. Na saka maka guda biyu ka gwada. In samari sun ƙi rabuwa da hodar, to a ajiye ta a kan benci, mutum ya shafa ya kakkaɓe hannunsa a can kafin ya iso tebur.

Ƙyallensu kam ba zan ɓoye maka ba, ya fi namu. Na ulu ne, akwai masaƙu da suka shahara da shi, kamar Strachan da Hainsworth a nan Ingila, da Simonis a Beljiyam mai yin na pul. Na sinuka yana da kwanciyar gashi ta fuska ɗaya, don haka ko shara ba a yi masa gaba da baya, daga inda ake fara wasa ake turawa zuwa ɗaya ƙarshen, sannan a bi shi da dutsen guga na musamman. Na tambayi kuɗinsa, na ga ya fi ƙarfin rumfar da aka fara jiya. Riƙe naka na Kwari, ka kula da shi. Kuma kai kana da abokin gaba da su ba su san shi ba, ƙurar hunturu. Yini ɗaya in ka bar shi a buɗe, kore zai koma ruwan ƙasa, ƙurar kuma kaushi gare ta, tana cin ƙyalle a hankali. Ka sa tela ya ɗinka maka murfi, ko da na buhu ne, ka rufe duk lokacin da aka tashi salla. In damina ta zo kuma, alli yana shan laima ya yi laushi ya daina kama fata. Ka zuba su a gwangwani mai murfi, ka riƙa fito da bibbiyu.

Kada dai ka ɗauka komai na nan ya fi. A nan da awa ake biya, sai ka biya a kunna maka fitilar saman tebur, lokaci na cika ta mutu ko da kana tsakiyar bugu. Kai za ka jera ƙwallayenka, kai za ka ƙirga makinka. Zauren shiru kamar ɗakin jarrabawa, mutum zai yi awa biyu a teburin kusa da kai bai tambayi sunanka ba. Sau da yawa ina bugawa ni kaɗai sai in tuna rumfar gida, mai shayi a gefe, ana musun Arsenal da Barcelona, wanda ya ci ya tsaya, wanda aka ci ya ba na baya sanda, yaro ya ruga ya jera ƙwallo kafin ka juya. Wallahi wannan nake kewa fiye da yadda kake zato. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka bari a sa kuɗi a kan wasa a rumfarka, ko da wasa ne. Ka san Baba, ka kuma san garinmu. Ranar da aka ce caca ake yi a wurin, ba mai sauraron bayaninka.

Kayan suna hannun wani ɗan Kano da zai taho ƙarshen watan nan. In ya sauka zai kira ka, sai ka shigo mota ku haɗu a tashar Yankaba. A cikin ledar akwai allin kwali biyu, da safar hannun, da buroshi mai laushi, da fatun bakin sanda guda goma, don na lura biyu daga cikin sandunanka sun cinye har katako ya fito, kuma irin wannan sandar ce ke yaga ƙyalle. Akwai kuma man zafi na Inna, shi za ka fara kai mata kafin ka buɗe naka. Ka ɗauko mini hoton teburin da rana tsaka bayan sati biyu da fara amfani da koren, ina so in ga yadda ya zauna a kan ƙyallen.

Ka gaishe da Baba da Inna, da Kawu in ya dawo daga Maigatari.

Yayanka.